Shekarar da Aka Toshe Ƙofar Rijiya

Bulus, kai ka jawo wannan babi. Ban yi niyyar rubuta shi ba. Na so in tsallake daga haihuwar Iliya in dira kan ritayar babanku, in bar shekarar nan a inda na binne ta. Amma Kirsimetin da ya wuce, muna tsakar gida ana cin abinci, 'yar autarka ta nuna katangar da ke tsakaninmu da gidan maƙwabtanmu su Sani, ta tambaye ka me ya sa wani wuri bulo ne alhali sauran duk laka. Na ji amsar da ka ba ta. Ka ce da ƙofa ce, maƙwabta suka toshe saboda mu Kirista ne, har abincinmu suka taɓa mayar mana. Ba da fushi ka faɗa ba, ka faɗa ne kamar abin da kowa ya sani, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ina riƙe da cokali, na buɗe baki, na mayar na rufe. Karo na biyu ke nan da na yi shiru a kan maganar nan a inda ya kamata in yi magana, kuma a shekaruna ban ga alamar za a ba ni na uku ba. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kai da Rahila da Iliya ku karanta da kyau. Ni uwarku, ni na toshe ƙofar nan, ko da yake ba ni na ɗora bulon ba.

Lokacin da muka baro ƙauye muka zo Bauchi, babanku direba ne a wata ma'aikata, ni kuwa ban iya komai ba sai ɗinki da taurin kai. Muka kama haya a Wunti, a wani ɓangare na gidan Malam Buba, ɓangaren da daga baya ya sayar mana. Gida ɗaya ne aka raba da katanga, rijiya ta faɗa wajensu, saboda haka aka bar wata 'yar ƙofar katako don mu riƙa ɗibar ruwa. Ta ƙofar nan na san matarsa, wadda kuke kira Goggo Mairo, ni kuma nake ce mata Adda kamar yadda ƙannenta suke ce mata. Hausata a lokacin ta kasuwar ƙauye ce, ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Ranar farko da na shiga da guga ta tambaye ni maigida, na ce mata ta tafi aiki. Ta yi dariya har sai da ta dafa bakin rijiya.

"To Allah Ya dawo mana da ita lafiya," in ji ta.

Na ji haushi, na kwana biyu ban gaishe ta da kyau ba. A rana ta uku ta miƙo mini masa ta ƙofa, shi ke nan. Ita ta gyara mini Hausa, ita ta gyara mini miyar taushe, ita ta yi mini wankan jego a haihuwarku biyu da uwata ba ta samu zuwa ba. Ni kuma duk kayan Sallar gidanta a kan kekena aka ɗinka su, kuma nata nake fara yankawa ko da wa ya riga ta kawowa. Ba mu taɓa zama muka yi gardamar addini ba. In ta ji na soma waƙar coci a bakin keke takan ce in rage murya Malam yana lazimi, in na ga ta shimfiɗa darduma nakan tsayar da keken har ta sallame. Iyakar abin ke nan.

Kirsimetinmu na farko na kai mata shinkafa da nama, ta karɓa da fara'a, ta yi godiya. Washegari na ga shinkafar an cinye, naman kuma an ba wa karen wani maƙwabci. Na zo wa babanku da kuka, shi da ya riga ni sanin gari ya ce ba ƙiyayya ba ce, yanka ne. Da shekara ta zagayo, shi da kansa ya je ya roƙi Malam Buba ya yanka mana tauren Kirsimeti, don gidansa ma su ci. Malam Buba ya ji daɗin abin ƙwarai. Tun daga nan, duk jajiberin Kirsimeti da hantsi, zai shigo ta ƙofar rijiya da wuƙarsa naɗe a tsumma, ya fuskantar da dabbar gabas, babanku ya riƙe ƙafafu, ya yanka, ya wanke hannu, mu ba shi wuya kamar yadda aka saba. Kullum sai ya tsokani babanku cewa tauren bana ya fi na bara rama. Shekara goma sha bakwai muna haka. Har ta kai ko kaza zan dafa a tsakiyar shekara, in dai zan kai wa Goggo, sai na sa an yanka mini ita a hannun Musulmi. Ita kuma ba ta taɓa tambayata ba. Nakan ajiye langa, ta buɗe, ta yi bisimilla.

A shekarar da nake ba ku labari, Malam Buba ya rasu wajen ƙarshen damina. Ciwon kwana huɗu ya yi. Goggo ta shiga takaba, ta daina fita ko zaure, ta rame har zobenta yana zamewa. Sani, babban ɗanta, yana koyarwa a wani gari mai nisa, don haka ƙanin marigayin, Malam Haruna, shi ke kula da gidan kafin a raba gado. Kun san shi da tsufansa, lokacin da ya yi laushi. A wancan lokacin mutum ne mai kaffa-kaffa da addininsa, ba ya wasa, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ban yi tunanin roƙonsa ya yanka mana ba, kuma na san ba zai so a roƙe shi ba. Sai na je kasuwar Muda Lawal na samu wani mahauci, Malam Idi, aminin marigayin, ya ce in kwantar da hankalina, ƙarfe bakwai na jajibere yana ƙofar gidana. Na dawo na gaya wa Goggo, ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba.

"Ki yi mini farfesun kayan ciki, Maman Bulus," ta ce, "irin wanda Malam yake so. Ko shi zan iya haɗiya."

Ranar jajibere bakwai ta yi, takwas ta wuce, babu Malam Idi. Ga gida cike da baƙi, domin wan babanku, Baba Dauda, ya zo daga ƙauye da iyalinsa. Da tara ta gota na hau acaɓa na tafi kasuwa nemansa. Kasuwa ta cika ta batse, aka ce yana mahauta, na je mahauta aka ce yanzu ya fita. Na dawo da rana a ka, ƙafata duk jini da laka, raina a ɓace. Ina shiga gida na tarar da tauren a rataye a bayan ɗaki, rabin fatarsa a ƙasa, Baba Dauda yana fiɗa yana waƙa. Babanku yana gefe, ya kasa haɗa ido da ni.

"Baba, wa ya yanka?" na ce.

"Ni mana," in ji shi. "Wuƙa na ba shi da ci ne? Tun safe yara suna jin yunwa, kuna jiran wani mutum. Mu a gida wa yake yanka mana? Haba, Saratu. Akuya na ƙanena, sai an ɗauko baƙo?"

Ba a yi wa wan miji faɗa, kuma a gaskiya bai yi don mugunta ba, bai san yadda muke zaune ba ne. Aikin gama ya gama. A nan ne ya kamata in yi abu mai sauƙi, kuma ina so ku lura da yadda yake da sauƙi. In koma kasuwa in sayo kayan ciki a hannun mahauta in dafa wa Goggo a tukunya daban. Ko in leƙa ta ƙofa in ce mata, Adda, ga abin da ya faru. Ko minti biyu ba zai ci ba. Amma na gaji, ina jin kunyar a ce gidana ba ni da iko da shi, ina kuma so a ce ko bayan Malam Buba Maman Bulus ba ta fasa ba. Na gaya wa kaina tausayi ne, cewa matar nan ba ta cin komai, in na faɗa mata ba za ta ci ba. Akwai tausayin, ba na musu. Sai dai bai kai rabi ba.

Ranar Kirsimeti da muka taso daga sujada a coci na zuba farfesun a langar nan mai jan fure, na ɗora shinkafa da cincin a tire, na bi ta ƙofar rijiya. Ban san Malam Haruna yana ciki ba. Yana zaune a kan tabarma a bakin ɗakin Goggo, ita tana daga ciki. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya dubi langar.

"Maman Bulus, bana da babu Yaya, wa ya yanka muku?"

"Malam Idi," na ce. "Na Muda Lawal."

Haka ta fito, sumul, ko tuntuɓe harshena bai yi ba. Na ajiye tiren na juya. Na shige ƙofar, na jawo ta, amma ban tafi ba, na tsaya riƙe da sakata. Sai na ji ya rage murya yana cewa shi da za ta bi tasa da ta bar naman, tunda ba wanda ya gani da ido. Goggo, wadda wata uku ban ji ta ɗaga murya ba, ta ɗaga.

"Haruna, shekara goma sha bakwai nake cin abincin matar nan. Ba ta taɓa gaya mini abu na tarar ba haka yake ba. Ni ban san abin da ake karanta musu a cocinsu ba, ban taɓa shiga ba, ba kuma zan shiga ba. Amma na zauna da su. Mutanen nan ba sa yi wa mutum ƙarya a kan abin da zai sa a cikinsa. Addininsu ya hana su. Miƙo mini langar."

Na ji ƙarar murfi. Na ji bisimillarta. Hannuna yana kan sakata, tsakanina da ita taku biyar ne, kuma lomar farko ba ta kai baki ba tukuna. Na saki sakatar na koma cikin baƙina, na yi ta raba nama ina dariya.

Kwana takwas na yi da abin. Washegari ta aiko da langar, kuma kun san ba a mayar da kwano wayam: ta cika ta da dakuwa, ta ce farfesun ya yi, rabonta da ta ƙoshi tun rasuwa. Na kasa cin dakuwar. Na koma ɗibar ruwa a lokacin da na san tana salla, in ja guga a hankali kamar ɓarauniya. A coci in aka soma waƙa sai in ji muryar Goggo tana cewa addininsu ya hana su, bakina ya mutu. Ba ni kaɗai ta tsaya wa ba, abin da ya hana ni sakat ke nan. Duk wani Kirista da ke garin Bauchi, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba, ta ba da shaida a kansa saboda abin da ta gani a wurina, ni kuwa a daidai lokacin ƙarya ce a bakina. Na gaya wa babanku zan je in faɗa. Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai son zaman lafiya, wani lokaci har ya wuce kima.

"Saratu, an ci, an sha ruwa," ya ce. "Ba wanda ya mutu. Ni wani abokin aikina ma, malami ne, ya ce a wurinsu yankanmu bai haramta ba. Ki bar kaza cikin gashinta."

"In bai haramta ba," na ce, "me ya sa ban faɗi sunan Baba Dauda ba?"

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegarin sabuwar shekara da safe na shiga ba tare da guga ba. Na same ta a bakin ɗaki tana tsintar wake a faifai. Na zauna a ƙasa, ba a kan kujerar da na saba zama ba, na ce mata ba Malam Idi ne ya yanka ba, wan mijina ne, na sani tun kafin in dafa, kuma ƙarya na yi wa Malam Haruna. Ban yi kwana-kwana ba, domin na san in na soma ba zan ƙarasa ba. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsinta, tana fitar da tsakuwa ɗaya-ɗaya tana jefarwa, har na ɗauka ba ta ji ba.

"Wani ya gani ne?" ta ce.

"Babu."

"Malam Idi ya ce zai faɗa?"

"Ban ma gan shi ba, Adda."

"Fastonku ya aiko ki?"

"Bai sani ba."

"To me ya kawo ki?"

Na ce na ji abin da ta gaya wa Malam Haruna, ina bayan ƙofa. Sai a nan ta ɗago. Na sha ganin matar nan tana fushi, na ga kukanta ranar da aka fita da mijinta, amma irin kallon nan ban taɓa gani ba. Kallon wanda ya jingina da bango ne bangon ya motsa.

"Kina bayan ƙofa," ta ce, "kika bar ni na ci."

Na ce e.

"Ba naman ba ne, Maman Bulus. Malam ya sha gaya mini malamai sun yi magana a kan yankanku, wasu sun ce a ci. Da kin ce mini Dauda ne, da na yi shawara da zuciyata, ko in ci ko in bari, kuma da ba abin da zai taɓa zamanmu. Amma kin zaɓar mini. Na tsaya gaban ƙanin mijina, ina cikin takaba, na ɗaga masa murya a kanki. Ba ke kaɗai ba, har mutanenki na haɗa."

Na yi kuka, na roƙi gafara. Sannan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa fiye da ƙaryar: na roƙe ta kada ta gaya wa Malam Haruna. Ta ajiye faifan.

"Ke kin kasa zama da ita kwana takwas, ni kike so in zauna da ita har in mutu?"

Ta gaya masa a ranar. Bayan kwana uku aka kawo bulo da magini. Bulus, kana nan, ka tsaya kana kallo, ka tambaye ni dalili na ce maka maganar manya ce. Daga wannan amsar ka gina labarin da ka ba 'yarka, kuma ban ga laifinka ba. Ban ga na Malam Haruna ba ma. Tambaya ɗaya ya yi mini, a gidan ɗan'uwansa, a kan abin da matar ɗan'uwansa za ta ci, na dubi idonsa na ba shi ƙarya. Da ni ce shi, da wataƙila har rijiyar na sa wa kwaɗo. Goggo ba ta sa a toshe ba, ba ta kuma hana ba. Muka koma sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Magana ta fita layi, domin a Wunti ko tari ka yi sai an ji a ƙarshen lungu. Mata biyu suka kwashe yadinsu daga wurina. Wannan na iya ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai, akwai wata 'yar cocinmu, gwauruwa, da ke sayar da shinkafa da miya a bakin layi, wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Masu shaguna da suka shekara suna cin abincinta suka soma tambayarta inda ta sayo nama, wasu suka daina zuwa gaba ɗaya. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma ni ce waken. A zumuntar mata ta cocinmu wasu suka ce wa ya aike ni tona kaina, na jawo mana abin magana. Na ce musu ba ranar da na faɗa na jawo ba, ranar da na yi ne.

Kirsimetin da ya biyo baya na sa Malam Idi ya yanka a ƙofar gida, a idon duk mai wucewa. Rahila, ke na ba langar kika zagaya ta titi, ke kika dawo da ita a rufe kina kuka. Abin da kika riƙe shi ne an mayar mana. Abin da kika manta, saƙon da ta ba ki: ki ce wa mamanki na gode, ban shirya ba tukuna. Kuma akwai abin da dukanku kuka manta. A shekarar nan kaf, ƙaramar Salla da babba, masar Goggo ba ta fasa zuwa gidan nan ba, kun ci kun lashe hannu. Ba ta daina ba mu nata ba, namu ne ta kasa karɓa. Wanda yake ƙin ka don addininka ba haka yake yi ba.

Sai a shekara ta biyu, ranar jajibere da hantsi, aka yi sallama a ƙofar titi. Sani ne, ya dawo gari, gidan ya zama nasa. Yana riƙe da tsumman da na sani.

"Mama, Inna ta ce in zo in yi aikin Baba."

Babanku ya riƙe ƙafafu yana share ido da kafaɗa. Sani ya yanka, muka ba shi wuya. Da na kai langar washegari, da ƙafata, ta titi, ta karɓa ta ce in zauna. Ta ɗora hannu a kan murfin, ta dube ni.

"Wa ya yanka?"

Ɗanta ne, ita ta aiko shi, wuyan yana cikin tukunyarta. Na gane ba don ta sani take tambaya ba. Na ce Sani ne, Adda. Ta buɗe ta ci. Daga nan zumunci ya dawo, hira ta dawo, tsokana ta dawo, har kayan Salla suka dawo kan kekena. Amma duk abin da na kai mata mai nama, ko kaza ko taure, sai ta yi tambayar nan, ni kuma in amsa. Ban taɓa nuna na ji zafi ba, ko da yake ina ji. Ƙofar kuwa ba a sake buɗe ta ba. Sani ya yi maganar sau ɗaya, amma lokacin an ja mana famfo, sai kowa ya yi kamar ba ya bukata.

Akwai abin da bai dawo ba, shi nake so ku fi riƙewa. Wata rana a wani suna a gidansu, mata cike da tsakar gida, wata ta ce ɗanta yana shakkar haɗa sana'a da wani Kirista, ta juya ta tambayi Goggo, tunda ita ta zauna da mu, yaya amanarmu take. Ina zaune a wurin ina yanka albasa. Goggo ta nuna ni da haɓa.

"Ni dai wannan na sani. In ta yi ƙarya takan dawo da ƙafarta ta faɗa, ba wanda ya kama ta. Sauran kuwa ban san su ba, ki sa ɗanki ya bincika."

Aka yi dariya, ni ma na yi, albasa ta rufa mini asiri. Yabo ne, na sani, kuma yabo mai tsada. Amma na tuna matar da ta taɓa cewa mutanen nan ba sa ƙarya. Shekara goma sha bakwai na ɗibar ruwa da ɗinki da yankan kaza suka sa ta faɗi haka a kan mutanen da ba ta taɓa gani ba, ni kuma na rushe shi a kan langa ɗaya ta farfesu. Kaina na samu na fanso. Sauran ban iya dawo mata da su ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ba ta taɓa jin wa'azin fasto ko ɗaya ba. Abin da ta sani game da Ubangijin da nake bi, a bakin rijiya ta gan shi, a hannuna, da kyansa da muninsa.

Kirsimetinta na ƙarshe idanunta sun riga sun tafi, tana kwance a ɗakin nan dai. Na kai farfesun, na tashe ta zaune, na sa mata matashi, na ɗora langar a cinyarta. Na gyara zama ina jiran tambaya, amsar tana bakina. Ta laluba murfin ta cire, ta yi bisimilla, ta kai loma.

"Adda," na ce, "ba ki tambaya ba."

Ta tauna a hankali, ta haɗiye.

"Barkono ya yi yawa," ta ce. "Shekara nawa ina koya miki. Sa hannu mu ci."

Na sa hannu. Ban san ɗanɗanon abin da na ci ba, hawaye ne kawai ke zuba a ciki. Ba ta kai azumin da ya biyo baya ba.

To kun ji. Bulus, in ka zo bana, ka kama hannun yarinyar nan ka kai ta gaban bulon, ka gaya mata kakarta ce ta yi ƙarya, kuma matar da ke bayan katangar ta fi kakarta gaskiya a ranar. In ka kasa, ka kawo ta ni zan faɗa. Na riga na sayi tauren, yana ɗaure a bayan ɗaki. Sani ya yi furfura yanzu, ƙafa tana damunsa, ba ya sauri. Ya ce zai zo ƙarfe bakwai. Ko zai kai azahar, kada wanda ya taɓa mini dabbar nan kafin ya iso.